Tambaya da Amsa: An Cire Sunana Daga Albashi Ba Takarda, Ina Zan Dosa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk na ma'aikatan makarantun gwamnati ne daga Zamfara da Kebbi, har sai da na ajiye tambayoyin gado da na filaye zuwa wani mako, don matsalar waɗannan bayin Allah ba ta jira, za ku ga dalili. Na cire sunaye da garuruwa kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Barista, ina wuni ya aiki ya ɗiya. Ni malamin furamare ne nan Zamfara, shekara 16 ina koyarwa, ina da NCE ina da takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa duk suna nan cikin leda ƙarƙashin katifa. Anka yi tantancewa munka tai munka kai takardunmu anka ɗauki hoto da zanen yatsa, wata ya ƙare kowa ya ji alat ni shiru, na ce ko banki ne, wani watan ma shiru. Na tai ofis anka ce sunana na cikin waɗanda anka cire wai akwai matsala ga fayil ɗina, na ce wace matsala, babu wanda ya iya gaya min kuma ba a ba ni takarda ko guda ba. Yanzu wata biyu ke nan da kwanakki. Wani babba na unguwarmu ya ce in yi haƙuri kar in tada hayaniya zai yi min magana sama. Har yau ina zuwa aji don ban iya kallon yaran nan zaune babu malami. Shin an kore ni ne ko ba a kore ni ba, kuma mi ya kamata in yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ba ka bar yaran nan ba, kuma don Allah kar ka daina shiga aji ko na kwana ɗaya. Ba don lada kaɗai ba, zuwan nan naka shi ne babbar hujjarka gobe, ranar da ka zauna gida ranar za a samu abin rubutawa a ce kai ka gudu ka bar aiki.

A dokance ba a kore ka ba. Cire suna daga baucan albashi ba kora ba ce, hana mutum haƙƙinsa ne alhali yana bakin aiki. Bari in ɗan buɗe maganar don sauran malamai su amfana. A wajen kotu aiki iri biyu ne. Akwai na ubangida da yaronsa, kamar mai koyarwa a makarantar kuɗi, in mai makaranta ya ba shi notis ko kuɗin notis galibi shikenan sun rabu, kotu ba ta cika tilasta wa mutum ya riƙe ma'aikacin da ba ya so ba, iyaka ta sa a biya diyya. Sai kuma aikin da doka ce ta kafa hukumar da ta ɗauke ka, kuma doka ko ƙa'idojin da aka yi a ƙarƙashinta suka tsara yadda ake shiga da yadda ake fita. Ma'aikacin gwamnati na dindindin mai fansho wanda aka tabbatar da shi, galibi nan yake faɗawa. Shi wannan ba a sallamarsa sai an bi matakai ɗaya bayan ɗaya, in aka tsallake ko ɗaya kotu na iya soke korar ta zama kamar ba a yi ba, a mayar da shi kujerarsa a biya shi duk ariyas ɗinsa. Kuma ba yau aka fara ba, tun 1981 Kotun Ƙoli ta yi haka a shari'ar Shitta-Bey da hukumar kula da ma'aikatan tarayya, ta sake nanatawa a 1985 a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas inda ta mayar da malaman jami'a da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba.

Matakan kuwa ba wasu ɓoyayyu ba ne, kowane tsohon ma'aikaci ya san su. A ba ka takardar tuhuma a rubuce, wadda muke ce wa kwiri, a faɗi laifinka ƙarara. A ba ka lokaci ka amsa. In abin ya kai ga kwamiti a kira ka ka zauna, ka ga takardun da ake kafa hujja da su a kanka, in an kawo shaida ka yi masa tambayoyi. Sannan hukumar da ke da ikon ladabtarwa ta zauna ta yanke hukunci ta rubuto maka. Tushen duk wannan sashe na 36 ne na kundin tsarin mulkin 1999, wato ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa, abin da addininmu ma ya riga ya koya mana. Kai kuwa ko matakin farko ba a taka ba. Hedimasta ba ya kora, kwamitin tantancewa ma ba ya kora, shawara kawai yake miƙawa. Ɗauko takardar nan da ke ƙarƙashin katifa ka duba kanta da wanda ya sa hannu, tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 harkar malaman firamare tana tsakanin SUBEB ne, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, kuma wanda doka ta ba ikon ɗauka a matakin albashinka shi ne mai ikon sallama.

Ni fa ba na adawa da tantancewa, in faɗi gaskiya. Ma'aikatan bogi su ke cinye kuɗin da ya kamata a ɗauki malamai na gaske, duk wanda ya je makarantar ƙauye ya ga malami ɗaya riƙe da aji uku ya san ciwon. Amma mutumin da ya zo da ƙafarsa aka ɗauki hotonsa da yatsansa, yara suka san shi iyaye suka san shi, ba fatalwa ba ne, in akwai gyara a fayil ɗinsa a kira shi a nuna masa.

To yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Akwai wata tsohuwar doka tun ta 1916 zamanin Turawa, mai kare jami'an gwamnati, jihohi ma suna da tasu irinta, ta ce duk wanda zai kai ƙarar jami'in gwamnati kan abin da ya yi a bakin aiki to ya kai cikin wata uku. Wata uku kacal. Ko ta shafi rigimar aiki? A 2019 Kotun Ƙoli ta ce ba ta shafa ba, a shari'ar hukumar rabon arzikin ƙasa da Johnson, amma a 2021 a shari'ar Idachaba da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ta yi amfani da ita aka kori ƙarar ma'aikata saboda sun makara. Tunda manya sun faɗi nan sun faɗi can, ni ba zan bari ka yi caca da abincin iyalinka ba, ka ɗauka kawai wata uku gare ka. E, lauya na iya cewa hana albashi cuta ce mai sabuntuwa kowane ƙarshen wata don haka lokaci bai ƙure ba, kuma kotu kan karɓi wannan, amma me zai kai ka dogaro da shi tunda ƙofa a buɗe take yanzu. Ƙari a kan haka dokokin hukumomi da yawa sun ce sai ka ba su notis na wata ɗaya kafin ka kai su kotu, kaga ke nan ukun ma ba ta cika uku ba. Kai ka ce ka ci biyu da kwanaki.

Wallahi abin da ya fi ci min rai a aikin nan ke nan. Akwai wani dattijo da ya taɓa zuwa min da jakar fata irin ta da, ya zazzage ta a kan teburina, komai da komai na nan, takardar kama aiki har ta yi ja don tsufa, takardun ƙarin girma a jere da zare, ko lauya ba zai adana haka ba. Korarsa kuwa ko makaho ya shafa ya san ba a bi ƙa'ida ba. Na tambaye shi yaushe aka yi, ya ce bana shekara biyu, yana ta bin wani babba ana ce masa ana dubawa, a dawo bayan salla, a dawo bayan zaɓe. Na daɗe ina kallon takardun nan na rasa ta inda zan fara yi masa bayani. Hausawa suka ce a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ban ce ka raina babban unguwarku ba, ka je ka gaishe shi ka yi godiya ya ci gaba da ƙoƙarinsa, sau da yawa ma ta nan ake warware abu cikin mutunci. Amma roƙo ba ya tsayar da lissafin kwanaki, ka riƙe biyun tare.

Gobe-goben nan ka rubuta takarda zuwa ga hukumar da ta ɗauke ka, ta hannun hedimasta da sakataren ilimi, cikin ladabi ba zagi ba kuka, ka sa lambar fayil ɗinka, ka ce an tsayar da albashinka tun wata kaza, ba a ba ka tuhuma ba, kana nan bakin aiki, kana neman dalili a rubuce da kuma a biya ka. Ka yi kwafi uku. In ka kai kar ka yarda akawu ya karɓa ya jefa cikin tire ya ce ka tafi, tsaya nan har ya buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafinka ya sa hannu. In sun ƙi, aika ta gidan waya da rijista ko kamfanin aike ka ajiye rasit. Kullum in ka sa hannu a littafin zuwa aiki ɗauki hotonsa da waya, littafin shirin darasinka da hedimasta ke dubawa da jan biro shi ma ka killace shi, ka je banki su buga maka sitetimen da ke nuna albashin ƙarshe. Takardun asali kuma kar ka ba kowa, fotokwafi kawai.

Sai ka nemi shugaban ƙungiyar malamai ta NUT na ƙaramar hukumarku, kuɗin da ake cire maka duk wata don irin wannan rana ne, kuma ƙungiyar ba ƙarama ba ce, tun 1931 take, wanda ya shugabance ta a ƙasa baki ɗaya ma shi ya zama gwamnan Kebbi a 2023. Na tabbata ba kai kaɗai aka cire ba, ku nemi juna ku haɗa kuɗi ku ɗauki lauya ɗaya. Kotun da za ku je kuwa guda ɗaya ce, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai ikon sauraron rigimar aiki, don haka kotun shari'ar Musulunci ko majistare ko babbar kotun jiha duk ɓata lokaci ne a kan wannan, kuma tana da reshe a Sakkwato nan kusa da mu. Akwai kuma Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya mai ofis a kowace jiha, kyauta take aiki kuma takardarta kan motsa ofisoshi, sai dai shawara take bayarwa ba hukunci ba, kuma zuwa wurinta ba ya dakatar da wata ukun nan.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Ni malama ce, shekara 9 ina aiki, anka tura ni wani ƙauye. Bara ɓarayin daji sunka shigo sau biyu cikin wata guda sunka ɗauki mutane har da maƙwabciyata, mutanen gari da yawa sunka watse, yara ma babu mai zuwa. Maigidana ya ce ba ni komawa. Na gaya ma hedimasta ta waya, na kuma tai ofis na roƙi a canza min wuri anka ce in jira. Ina jira sai ga takarda sati biyar da sunka wuce wai an kore ni don na gudu na bar aiki, kuma sun sa korar ta fara tun daga wani wata can baya wanda ina aiki lokacin kuma ba a biya ni shi ba. Ban taɓa ganin kwiri ba. Ɗiya huɗu gare ni. Ina da mafita?

AMSA: Malama sannu, Allah ya kuɓutar da maƙwabciyarki in har yanzu tana hannu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Kina da mafita, amma zan faɗa miki mai daɗi da marar daɗi.

Marar daɗin shi ne, a ƙa'idojin aikin gwamnati barin wurin aiki ba izini babban laifi ne da hukuncinsa kan kai kora, kuma duk abin da kika yi da baki kika yi shi, waya da roƙo a ofis ba sa shiga fayil. Ban ga laifinki ba, wanda ya tsere da ransa da goyo a baya ba ta takarda yake ba. Amma ina roƙon duk malamin da ke karanta wannan, in tsaro ya raba ka da makarantarka to a makon nan ka rubuta, ka ce ga abin da ya faru ga inda nake, a ba ni wata makaranta in koyar, ka riƙa zuwa ofishin ilimi kana sa hannu. Layi biyar ya isa.

Mai daɗin kuwa, ko da laifin tabbatacce ne dole a tuhume ki a ji uzurinki kafin hukunci. In suka ce sun rubuta kwiri, to su nuna wa suka ba, ina sa hannunki, takardar da aka rubuta aka ajiye a durowa ko aka aika makarantar da babu kowa ciki ba a ce ta iso ki ba. Uzurinki kuma ba ƙirƙira ba ne da za a ce ba a sani ba. Duniya ta shaida ɗalibai mata 279 da aka kwashe a Jangebe a Fabrairun 2021, da abin da ya faru a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yunin shekarar, kuma a Satumbar 2021 gwamnatin Zamfara da kanta ta rufe makarantu saboda tsaro. To ki tattara naki shaidun na kusa, takarda daga maigari ko hakimi mai tabbatar da harin da watsewar gari, rahoton 'yan sanda in an kai, rijistar ɗalibai da za ta nuna ranar da yara suka daina zuwa, saƙonnin WhatsApp tsakaninki da hedimasta kar ki goge ko ɗaya, da sunan wanda ya raka ki ofis ranar da kika nemi canjin wuri.

Batun mayar da korar baya shi ma ki riƙe shi da kyau, kotuna sun sha cewa kora ba ta komawa baya ta cinye albashin da mutum ya riga ya yi wa aiki. Wannan watan naki ne ko me ya faru.

Kuma ki lura da kalmar da ke cikin takardar, don mutanenmu duk kora suke cewa alhali abu biyu ne. Akwai sallama, wato an kawo ƙarshen aikin mutum amma haƙƙoƙinsa na nan kuma yana iya neman wani aikin gwamnati. Akwai kora ta laifi, ita ce mai cinye garatuti da fansho na tsohon tsari ta bar wa mutum tabo a fayil. Taki ta biyun ce, shi ya sa ba abin da za a yi shiru a kai ba ne, shekara 9 ba kwana 9 ba ce. Ki rubuta ɗaukaka ƙara ga hukumar a wannan makon ki nemi a janye a ba ki wata makaranta, a lokaci guda lauya ya aika notis. Lissafinki ya fara ne daga ranar da takardar ta shigo hannunki, sati biyar sun tafi. Maigidanki ya raka ki, tunda shi ya yanke shawarar kar ki koma, kuma ya yi daidai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ina tambaya ne a madadin babana, daga Kebbi. Shekara 11 yana gadin wata makarantar kwana, ba a taɓa ba shi takardar ɗaukar aiki ba, a hannu ake biyansa ya dangwala. Sabon shugaba ya zo ya ce daga yau ya huta an kawo wani, kuma yana bin bashin wata huɗu. Baba ya ce a bar wa Allah, ni kuma abin ya tsaya min a rai.

AMSA: Allah ya yi maka albarka ɗan'uwa, ka gaishe min da Baba. Ba zan yaudare ku ba, hanyar mayar da shi aiki ko samun fansho tana da wuya ƙwarai, don wannan kariyar da na yi bayani a sama ta ma'aikacin dindindin ce. Amma rashin takarda bai mayar da shi bawa ba. Dokar Ƙwadago, wadda ba ta cika shafar malamai ba saboda su ƙwararru ne a aikin gwamnati, an yi ta ne musamman don irin su Baba, masu gadi da kuku da masinja da lebura. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, kaga rashin takardar laifin wanda ya ɗauke shi ne ba nasa ba. Sashe na 11 kuma ya tsara notis, kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, sati ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, sati biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Don haka mafi ƙarancin abin da Baba ke bi shi ne wata huɗun nan da kuɗin notis na wata guda.

Abin da za ka fara ganowa shi ne daga wace jaka kuɗin ke fitowa, daga gwamnati ne ko kuɗin gudanar da makaranta ko na ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA, don shi zai nuna wa za a rubuta wa. Takardar da yake dangwalawa tana nan a ofishin basa mai kula da kuɗin makaranta, tsofaffin malamai da sauran masu gadi shaidu ne, ko tocila da bulala da rigar sanyi in makaranta ta ba shi duk alama ce, kotun ma'aikata tana duba yadda zaman yake a zahiri ba sunan da aka laƙaba masa ba. Ni a ganina ku fara da ofishin sauraron ƙorafi da ke Birnin Kebbi, kada ku bari ya wuce wata 12 don bayan haka ba sa karɓa, ku kuma leƙa wajen NASU ta ma'aikatan makarantu da ba malamai ba. In ya kai ga lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta masu ƙaramin ƙarfi. Ka lallaɓa Baba, ka ce masa barin abu ga Allah bai hana neman guminsa ba, dare dubu nawa ya kwana a ƙofar nan cikin hunturu yana tsaron 'ya'yan mutane.

TAMBAYA: Barista ni malamin sakandare ne shekara 12. An ba ni takarda layi uku wai ba a buƙatar aikina, babu laifin da anka ambata, sai ga albashin wata guda ya shigo a matsayin notis. Na riga na taɓa kuɗin don gida babu abinci. Wani ya ce tunda na ci kuɗin na amince ke nan. Gaskiya ne? Kuma ina makomar kuɗin fanshon da ake cire min?

AMSA: Malam, lauyan gwamnati tabbas zai ɗaga wannan maganar ya ce ka karɓa ka yi shiru, kuma akwai hukunce-hukuncen da zai jingina da su. Amma akwai wasu da suka ce in sallamar tun asali ta saɓa doka, karɓar kuɗi ba ya halatta ta. Abin yi shi ne yau ɗin nan ka rubuta cewa ba ka amince da sallamar ba, kuɗin da ya shigo asusunka ba kai ka nema ba kuma ka ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na haƙƙinka. Kuma kar ka sa hannu a kowane fom na barin aiki sai lauya ya karanta.

Wannan jimla ta "ba a buƙatar aikinka" ni ban taɓa sonta ba, da ita ake fakewa a cire mutum ba tare da an sha wahalar tabbatar da laifi ba. Ga ma'aikacin da aka tabbatar a aikin da doka ta tsara ba ta isa ba, sai an nuna ƙa'idar da ta ba da dama. Kotun ma'aikata ma yanzu, bisa ikon da aka ba ta na duba yadda duniya ke yi, tana jingina da yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1982 ta ce ko kamfani ne ya faɗi dalili. In kuma rage ma'aikata ake yi, wannan ma da tsarinsa, ana sanar da ƙungiya a zauna a tattauna abin da za a biya.

Fansho kuwa duba takardar albashinka. In tsarin adashi ne kana da lambar asusu da kamfanin fansho, kuɗin da ke ciki naka ne, sallama ba ta taɓa shi. A dokar tarayya ta 2014 wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari, amma kowace jiha da tata dokar fansho, don haka je kamfanin su buga maka sitetimen ka ga ma ko abin da ake cirewa yana shiga, in ba ya shiga shi ma abin nema ne a cikin ƙarar. In tsohon tsari ne, galibi shekara 5 ke ba da garatuti shekara 10 ta ba da fansho, kai ka haye duka biyun. Sashe na 210 na tsarin mulki ya hana a riƙe ko a rage wa ma'aikacin jiha wannan haƙƙi sai yadda doka ta yarda, kuma sashe na 318 ya sa ma'aikatan ƙananan hukumomi da na makarantun jiha cikin lissafin. Abu ɗaya da zan gaya maka tun yanzu don ka shirya zuciyarka, cin nasara a kotu daban, karɓar kuɗi daga gwamnati daban, yana ɗaukar lokaci. Shi ya sa in aka yi tayin sulhu a cibiyar sasanci ta kotun kar ka yi saurin ƙi, ka dai tabbatar an rubuta kotu ta sa hannu.

TAMBAYA: Na kama aiki tun kafin a cire Kebbi daga Sakkwato. Yanzu an ce in tai ritaya na cika shekara 35, alhali na ji an ƙara ma malamai shekaru. Kuma shekarun haihuwata na fayil sun saɓa da na katin ɗan ƙasa.

AMSA: Baba Malam, an ƙara, a 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, duk wanda ya riga zuwa. Sai dai jihohi kan fitar da sakularsu kan yadda za su aiwatar da sharuɗɗan da suka gindaya, don haka je ofishin NUT ka karɓi kwafin ta jiharku, ka tabbatar rijistarka ta TRCN, hukumar rijistar malamai ta ƙasa, na nan da rai, ka rubuta neman ci gaba da aiki kafin ranar da aka sa maka ta cika ba bayanta ba. Batun haihuwa kuwa wadda aka rubuta a fayil ranar da ka kama aiki ita gwamnati ke bi, ba a canza ta da takardar rantsuwa, don haka kar ka je ka yi sabuwa ka ƙara wa kanka matsala. Tunda aikinka ya girmi 1991, nemi kwafin rikodin aikinka tun na tsohuwar jihar Sakkwato ka haɗa da na yanzu ka kawo min in duba.